Tambaya: ta yaya ake fitar da amon gitar indi-pop da kayan da muke da su a Maradi?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa makaɗa. Ina neman taimako a kan wani salon kiɗan Turawa da suke kira indi-pop, musamman na shekarun 1980, irin na ƙungiyar The Smiths ta Manchesta da R.E.M. ta Amurka. Gitar tana fita garau kamar ƙaramar ƙararrawa, kiɗan yana gudu da fara'a, amma in ka natsu sai ka ji begen abin da ya wuce ya kama ka.

Ga abin da ke hannuna: gita mai kuran kwafin Stratocaster mai mikro uku (maganaɗisun da ke ɗaukar amon tsirkiya), ƙaramin ampili na wat 15, kwamfuta da katin sauti mai kafa biyu. In na buga akor, wato sautuka da yawa a tare, sautin yana fita a dunƙule, ba a jin tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. In na ƙara sama, wato siririn sauti, a ampili sai ya koma sukar kunne. Ga kuma wani gunji da ke shiga duk abin da na ɗauka. Wasu sun ce ba yadda zan yi sai da gita mai tsirkiya 12, ita kuwa sai an yi saƙonta daga waje. Shin haka ne? Sannan daga ina wannan begen yake fitowa, alhali yawancin akor ɗin da nake ji majer ne?

Malam Mai Tsirkiya ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka aje maganar tsirkiya 12 tukuna. Gaskiya ne can abin ya samo asali: George Harrison na The Beatles ya samu gita mai tsirkiya 12, Rickenbacker 360/12, a 1964, Roger McGuinn na The Byrds ya bi sahu, zuwa 1965 amon ya zama shaidarsu. Amma masu gitar ƙungiyoyin da ka ambata, Johnny Marr na The Smiths da Peter Buck na R.E.M., mafi yawan aikinsu da gita mai tsirkiya 6 suka yi shi. Yaran da suka biyo baya kuwa, irin waɗanda jaridar NME ta tara a kaset ɗin C86 a 1986, da na kamfanin Sarah Records na Biristol wanda ya yi aiki daga 1987 zuwa 1995, akasarinsu da kaya masu arha suka yi ta fama. Gitarka ta isa.

Dunƙulewar nan daga hannunka take. Ina kyautata zaton akor ɗin bare kake kamawa, yatsa ɗaya ya danne tsirkiya shida, kana share su gaba ɗaya da mediyato, ƴar robar kaɗa tsirkiya. Duk sanda ka ɗaga hannu don ka sauya akor, tsirkiyoyin duka sai su mutu tare. Shi wanga amon da kake nema, hawan sauti ne kan sauti: wata tsirkiya tana ta kuka, ka taɓa ta biyu, kafin ta biyun ta yi shiru ka taɓa ta uku. Saboda haka ana barin tsirkiya ta 1 da ta 2, wato Mi da Si na sama, a buɗe suna amo, akor yana sauyawa a ƙarƙashinsu.

Bari in ba ka kamu huɗu. Lambobin daga tsirkiya ta 6 mai kauri suke tahowa zuwa ta 1, kowace lamba gaɓar wuyan gita ce da za ka danne, 0 a buɗe ke nan, x kada ka taɓa:

Mi majer: 0 2 2 1 0 0
La: x 7 7 6 0 0
Si: x 9 9 8 0 0
Do diyez miner: x 4 6 6 0 0

Ukun farko kamu ɗaya ne kake jan shi a wuyan gita, daga gaɓa ta 2 zuwa ta 7 zuwa ta 9. Ka lura siraran biyun ba wanda ya taɓa su. A kan Mi sun dace daidai, a kan La tsirkiyar Si ta zama baƙuwa mai daɗi, a kan akor ɗin Si kuma tsirkiyar Mi tana ɗan gogayya da Re diyez, tana neman wurin sauka ba ta samu ba. Wannan gogayyar ita ce rabin abin da kunnenka ke kira bege.

Sauran rabin yana cikin ginin akor ɗin. Ɗauki Do majer na yau da kullum, x 3 2 0 1 0, ka ɗage yatsan da ke kan tsirkiya ta 2. Ya koma x 3 2 0 0 0, wato Do, Mi, Sol, Si. Cire Do ɗin daga lissafi ka ga abin da ya rage: Mi, Sol, Si, Mi miner ke nan cikakke. Akor majer ne amma yana goye da miner. Haka Fa mai kamun x x 3 2 1 0, La miner ce kwance a cikinsa. Shi ya sa kake jin majer amma zuciyarka ba ta saki ba. Akwai kuma wata dabara da ake yi sau ɗaya ko biyu a waƙa, ba fiye ba: daga Fa majer ka sauka Fa miner, x x 3 1 1 1, sannan ka koma Do. Sauti ɗaya ne tak yake motsi, La ta sauka La bemol, ta sake sauka Sol. In ka yawaita shi sai ya zama kukan ƙarya.

Wanda ya koyi gita ta hanyar Agadas, irin ta su Bombino, ya riga ya saba barin tsirkiya a buɗe tana amo, wannan riba ce. Inda za ya sha wuya shi ne can ana daɗewa kan akor ɗaya ko biyu, waƙar tana yawo a sautuka biyar, kamar yawancin kiɗanmu na gargajiya. Nan kuwa sautuka bakwai ake aiki da su, kuma biyun da babu su cikin biyar ɗin nan, Fa da Si in kana kan Do, su ne masu ɗauke da nauyin. Hannu yakan so ya tsallake su don sabo, sai ka tilasta mashi.

Hannun dama kuma: mediyato mai kaurin milimita 0.60 zuwa 0.73. Mai kauri sosai yana yawaita sautin ƙasa, siriri ƙwarai kuma ƙarar robarsa ta fi ta tsirkiya. Ka buga kusa da gadar gita, tsakanin mikro na tsakiya da na baya. Kowane ma'auni bugu takwas ne, ka raba su 3, 3, 2: tsirkiya 4-3-2, 4-3-2, sai 1-2. Ka fara da mitironom, na'urar ƙidaya bugu, a 80, kada ka ƙara sai takwas ɗin nan sun fita da ƙarfi ɗaya. Waƙoƙin kansu suna tsakanin 120 da 160. Kapo, matsin da ake ɗaurawa a wuyan gita ya danne tsirkiya duka, a gaɓa ta 2 ko ta 4 yana ɗaga komai sama, ya raba ka da gitar bas.

Murya kuma kada ta yi gasa da gita. Ana rera ta a natse, cikin sautuka kaɗan, ba ihu ba kwarmato. Ganga ta tafi miƙe, a ƙara kacau-kacau a amshi. In mawaƙi ya shiga kuka da murya, akor ma suna kuka, abin ya tashi daga wanga salo.

Injiniya Zariya 2 ya rubuta:

Malam ya gama da hannu, ni bari in bi waya daga gita zuwa kwamfuta, don a hanya saman sauti yake zubewa, kai kuma kana neman maido shi da maɓallin ampili. Abin da ya riga ya ɓace ba ya dawowa, abin da kake ƙarawa shi ne wajen 3,000 zuwa 4,000 Hz, inda kunne ya fi jin zafi. Sukar da kake ji ke nan.

Fara da tsirkiya. Wadda zufa da ƙura suka cika ramukan naɗinta ba ta da amo, ko wace na'ura ka sa. Sa sababbi, lamba 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46, masu naɗin nikel. Ka riƙa goge su da busasshen ƙyalle sama da ƙasa bayan kowane kiɗa. Masu tafasa tsirkiya a ruwa suna samun amo na ƴan kwanaki a masu naɗi kawai, daga nan sai tsatsa.

Tsayin mikro: danne gaɓar ƙarshe, ka auna daga ƙasan tsirkiya zuwa kan maganaɗisu. Wajen mai kauri milimita 2 zuwa 2.4, wajen siririya 1.6 zuwa 2. In ya matso fiye da haka maganaɗisun yana jan tsirkiya, ta kasa daɗewa tana amo, kuma sautin ya riƙa rawa kamar ba a saita gitar ba. Sandar zaɓin mikro ka sa ta a matsayi na 2, na baya haɗe da na tsakiya. Na baya shi kaɗai ya cika kaifi a gitocin kwafi. Maɓallan gita duka a 10. In kana son rage ƙarfi daga gita ba tare da saman ya tafi ba, mai gyaran rediyo zai iya liƙa maka kondansata ta 0.001 mikrofarad tare da rezistans 150k a jere da juna, tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta maɓallin ƙarfi.

Waya kada ta wuce mita 3, iyaka 5. Kowace mita tana da wajen pikofarad 100, su ne ke shanye sama a mikro irin naka. Wayar mita 10 ta wurin biki ba ta wannan aikin ba ce.

Sai babban abin da nake zargi: kafar katin sauti. Mikron gita yana son kafa mai juriya wajen megohm 1. Kafar layi ta talaka wajen kilohm 10 take, tana danne mikron, sautin ya fito a toshe. Duba gaban katin, akwai maɓalli da aka rubuta INST ko Hi-Z, danna shi. Mutane da yawa suna shekara da kati ba su taɓa shi ba. Ka saita ƙarfin shiga yadda bugu mafi ƙarfi zai tsaya tsakanin -12 da -6 dB, a ɗauka a bit 24.

Ni da zan ba ka shawara, ka bar ƙaramin ampilin nan don atisaye, ka ɗauka kai tsaye. Lasifikar inci 6 ko 8 cikin ƙaramin akwati ba ta da faɗi. McGuinn ma kai tsaye aka shigar da gitarsa tebur a sitidiyo, aka matse ta sosai da kwamfuresa, na'urar da ke danne bugu mai ƙarfi don sauti ya daidaita. A Reaper ko wata manhajar ɗaukar sauti makamanciyarta ga jerin:

Kwamfuresa tukuna, 4:1, kamawa a milisakan 15 zuwa 30 don bakin mediyato ya wuce kafin ta danne, saki a 100 zuwa 150, ragi dB 4 zuwa 6. Ita ke sa tsirkiyar da ke mutuwa ta daɗe har ta haɗu da mai zuwa. In kamawar ta yi sauri ƙwarai, bugun ya rasa baki.

Sai kwaikwayon ampili mai tsabta, irin Fender Twin ko Roland JC-120 ko Vox AC30, ba tare da ƙazanta ba ko kaɗan. Akor masu sautuka kusa da juna irin waɗanda Malam ya bayar, da zarar an sa masu distoshan, wato ƙazantar nan, sai su cakuɗe.

Sai tacewa: yanke duk abin da ke ƙasa da 100 zuwa 120 Hz, rage dB 2 ko 3 a wajen 300 Hz inda dunƙulewa take zama, in ana son haske a ɗaga dB 2 daga 8,000 Hz zuwa sama.

Sai koras, mai sa gita ɗaya ta yi kamar biyu, gudunsa ƙasa da 1 Hz, zurfinsa wajen kashi ɗaya cikin uku. Na ƙarshe amsa-kuwwa. Lissafinta 60,000 a raba da gudun waƙa: a 140 bugu ɗaya milisakan 429 ne, rabinsa 214. Sa 214, maimaici ɗaya ko biyu, can ƙasa yadda sai an kashe ta za a gane da tana nan.

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Malam, na gode Injiniya. Maɓallin INST ɗin kuwa a kashe yake, da na danna shi sautin ya buɗe. Kamun nan huɗu ma sun zauna. Sai dai har yanzu gitar siririya ce a tsakiyar waƙa, ba ta cika kunne biyu yadda nake ji a nasu ba. Gunjin ma yana nan, kwamfuresa ta ƙara fito da shi.

Yaya Ƴar Mokoyo ta rubuta:

Ƙanena, cikar da kake ji ba gita ɗaya ba ce. Johnny Marr ya shahara da jera gita kan gita a sitidiyo. A nan ne zan ɗan saɓa wa Injiniya, da neman afuwa: koras ba ya maye gurbin bugu biyu, kuma in ya yi yawa yana tsufar da waƙa, ya sa gita ta yi kamar tana cikin ruwa. Ƙungiyoyin Dunidin na Niyu Zilan, waɗanda kamfanin Flying Nun ya fara fitarwa a 1981, amonsu ya fi bushewa, kuma ba abin da ya rage masu. In za ka sa shi, sa wa gita ɗaya kawai.

Ka buga abu ɗaya sau biyu, ka kai ɗaya hagu ɗaya dama, wajen kashi 70 zuwa 100. Sau biyu na gaske nake nufi. In ka kwafi layi ɗaya ka raba shi hagu da dama, tsakiya zai koma, ƙarfi kawai ya ƙaru. In kuma ka ja kwafin baya da ƴan milisakan, a abin kunne za ka ji faɗi, amma ranar da aka tura waƙar ta WhatsApp aka saurara a lasifikar waya guda ɗaya, sassan biyu za su cinye juna, gitar ta fito kamar daga cikin bututu. Masu sauraronmu kuwa yawancinsu ta waya suke ji. Kullum ka haɗe hagu da dama wuri ɗaya ka saurara kafin ka fitar.

Abin da ya fi ma: bugu na biyu ya zama da wani kamu daban. In na farko Mi ne a buɗe, na biyun ka sa kapo a gaɓa ta 4 ka kama siffar Do, ko a gaɓa ta 7 ka kama siffar La. Akor ɗaya ne, amma sautukan ba su jeru iri ɗaya ba, sai su shiga tsakanin juna. Duk sanda ka ɗaura kapo ka sake saita gita, domin yana jan tsirkiya sama kaɗan. Ka ɗaura shi dab da ƙarfen gaɓa, ba a tsakiya ba.

Amon tsirkiya 12 kuma ana samunsa da gita mai 6, ta hanyar da ake kira saitin Nashbil. Tsirkiya ta 1 da ta 2 suna nan yadda suke, lamba 10 da 14. Sauran huɗun a canza su da sirara, a ɗaga kowace da oktab ɗaya, wato sautinta na dā amma na sama: Sol lamba 9, Re lamba 12, La lamba 18, Mi lamba 26 ko 27. Sai ka buga daidai abin da ka buga da gita ta farko, ka ɗora a kai. In babu gita ta biyu, ka gama ɗaukar komai tukuna sannan ka canza tsirkiya. Sol ɗin nan ita ce mai tsinkewa, don lamba 9 ana kai ta sama da Mi da gaɓa uku. Ka hau da ita sannu, ka goga bakin fensir a ramin da take wucewa a kan gita. Masu rumbar Kongo sun daɗe da rabin wannan dabara, suna cire Re su sa siririya a ɗaga ta oktab ɗaya. Ko ita kaɗai ka yi za ka ji bambanci, tsirkiya ɗaya ce kuma za ka saya.

Wannan ya fi maka gita mai 12 ta gaske a garin nan. Jan da tsirkiya 12 ke yi wa wuya ya fi na 6 nesa, saitinta yana cin lokaci, kuma mai arha a cikinsu ba ta zama daidai in ka wuce gaɓa ta 5.

Baba Mai Gyara ya rubuta:

Yaro, gunjinka na kuran ne. Wutarmu 220 ce mai bugun 50 Hz, mikro mai naɗi ɗaya kuma shina ɗaukar ta daga iska. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa, to ba inda dattin zai tahi sai cikin waƙarka. Ga yadda za ka gane inda ya hito.

Cire cajar kwamfuta, ka bar ta kan batir. In gunjin ya ɗauke, caja ce, sai ka riƙa ɗauka a haka. In bai ɗauke ba, ka riƙe gitar ka juya a hankali inda kake zaune, akwai kusurwar da zai ragu sosai, nan za ka fuskanta. Ka nisanci kwamfuta da mita ɗaya ko biyu, ka kashe panka da ƙwan wuta masu arha da cajar waya, ita wayar ma a kai ta wani ɗaki. In ka taɓa tsirkiya gunjin ya ragu, wayar ƙasa ta cikin gita lahiya lau take. In taɓawar ba ta canza komai ba, ko ma ya ƙaru, buɗe bayan gitar ka duba baƙar wayar da aka liƙa wa ƙarfen da ke riƙe da sifirin, takan ɓalle. Matsayi na 2 da na 4 na sandar zaɓin mikro suna kashe gunji in an naɗa mikron tsakiya a juye, amma ba duk gitar kwafi aka yi wa haka ba. Kada ka ɗauka a kan wutar gurup, wato janareta. Fedal kuma, akwatunan canza sauti da ake takawa, yawanci vol 9 suke ci, tsakiyar kan wayar negatif, adafta mara tacewa daga kasuwa ita ma gunji ce, pil ya fi ta.

Kar ka dogara da ƙofar kashe gunji ta manhaja. Tana yanke wutsiyar sauti, wutsiyar kuwa ita su Malam suka wahala suna koya maka.

Sai itacen gitar, tunda hunturu na tahe. Gita tana son danshin iska kashi 45 zuwa 55, namu a hunturu yakan faɗi ƙasa da 20. Itace ya tsuke, bakin ƙarafan gaɓa su hito suna yankar hannu, wuya ya gota, tsirkiyar da ka bari a buɗe ta riƙa zizar ƙarfe. Ka aje ta cikin jakarta tare da soso mai ɗan danshi a cikin gwangwanin roba da aka huda, kada ruwa ya taɓa itace. Da zafin watan Afirilu kada a bar ta cikin mota ko jikin bangon da rana ke duka.

Awon wuya: ɗaura kapo a gaɓa ta 1, danne gaɓar ƙarshe, ka duba tazarar tsirkiya ta 6 da ƙarfen gaɓa ta 8. Milimita 0.25 ake so, kaurin tsirkiya lamba 10 ke nan, gutsurenta ya ishe ka awo. In babu tazara ka sassauta sandar wuya, in ta yi yawa ka ɗaure, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye kawai, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. In ta yi tauri kar ka tilasta, kai wa mai gyara. Tsayin tsirkiya a gaɓa ta 12 ya zama milimita 1.6 a siririya, 2 a mai kauri. Daga nan ka gwada kowace tsirkiya a buɗe da kuma a gaɓa ta 12 da na'urar saiti: in ta 12 ta hau sama, ja sirdinta baya, in ta sauka, turo shi gaba. Kamun La da Si da Malam ya ba ka suna haɗa tsirkiya buɗaɗɗa da wadda aka danne a gaɓa ta 7 da ta 9, to in ba a yi wanga gyara ba, ko sabuwar tsirkiya ce ba za su daidaita ba.